Gyaɗar Gayaunata da Keken Kankiya

Wautar ba ta da girma in an faɗe ta da baki: na ɓare gyaɗa, sannan na ƙi sayarwa. Iyakarta ke nan. Yaran yanzu in na gaya musu sai su dube ni su ce, "To, Kaka, sai me?" Amma duk wanda ya tashi a ƙasar gyaɗa, da ya ji haka zai kama baki, don ko akuyar gidanmu ta san ba a raba gyaɗa da ɓawonta sai za ta bar gida. Ni ma na sani. Abin da ya same ni shi ne na ji rabin karatun yadda ƙasashe ke ciniki da juna, na ɗauka na sauke, ga shi kuma gashin baki ya fara tsiro mini, wanda a ganina ya isa shaidar hankali a gaban kowane alƙali.

Abin da ya tono mini zancen shi ne jikata da aka aika sayen man miya kwanakin baya. Ta dawo da shi cikin wata 'yar leda mai rubutu, garau kamar ruwan rijiya, ba ƙamshi ba wari. Na sa ta karanta mini inda aka yi shi, ta faɗi sunan wata ƙasa da harshena ya kasa juyawa. A Kusada fa! Garin da in mata suka ɗora kaskon ƙuli, ƙamshin kan tari baƙo tun daga bayan gari ya jawo shi ta hanci har ƙofar gida. A da kaka da kunne ake gane ta kafin ido ya gani. Ƙas-ƙas ɗin ɓarar gyaɗa na tashi daga kowane zaure, mata na shiƙa a faifai, jakuna na kuka da buhuna a baya, an ɗora harawa bisa rufin ɗaki da cikin rassan itatuwa don kada awaki su yi mata hisabi. Mu yara kuwa kowa bakinsa fari, cikinsa na ƙugi saboda ɗanyar gyaɗa, kuma kowa na rantsuwa bai ci ba. Yanzu in kaka ta yi, abin da kunnena ke ji shi ne ƙarar babura da waƙar waya.

Gidanmu gidan gandu ne. Babbar gona ta Baba ce, kowa na gida yana yi mata aiki tun da safe har rana ta take, ita ce ke cika rumbu, gyaɗarta kuma ita ke biyan haraji da ɗinkin sallah. Yaro in ya tasa sai a yanka masa 'yar gona a gefe, gayauna, ya riƙa nomawa da yamma da ranar da ba a fita gandu. Abin da ta haifa nasa ne. Uba ba ya sa mata hannu, bakinsa ma iyakarsa shawara. Ranar da Baba ya taka mini iyakar tawa da diddige, na dawo gida ina tafiya kamar an ba ni sarautar noma, har kaji na kauce mini.

Na riga na san abin da zan yi da ita. A Kankiya, bakin titin da ya taso daga Kano ya nufi Katsina, akwai wani mai kanti da ya rataye baƙin keke a ƙofa, da madubi da fitila da sirdin fata, kacar ma an yi mata gida. Duk ranar da aka aike ni garin sai na je na gaishe shi kafin in gaida mutane. Na taɓa danna ƙararrawarsa, mai kantin ya biyo ni da tsumagiya, ban waiwaya ba sai da na hango rumbunan Kafin Soli. Wanda ya ƙara hura mini wutar kuwa Kawu ne, ƙanen mahaifiyata, direban babbar motar da ke kwasar gyaɗa zuwa Kano. Shi kaɗai ne a danginmu ya taɓa ganin buhuna an jera su sun yi tsauni, kuma shi kaɗai ne ba ya gajiya da tambayata.

Na ce, "Kawu, wai duk gyaɗar nan da kuke kwasa wa ke cinye ta? Kanawa ba su ciwon ciki?"

Ya ce, "Kano zango ce kawai, shaƙiyyi. Jirgin ƙasa ya kai ta Ikko, jirgin ruwa ya ƙetara da ita ƙasar Turawa. Su matse mai, su yi sabulu, su shafa wani a burodi."

"Su kuma mi suke ba mu?"

"Keken da kake wa zarya mana. Kai, Bature ba ya karɓar kuɗinmu a garinsu. In ƙasar nan na son keke ko kwanon rufi, sai da kuɗin Bature, kuma ba ta samun kuɗin Bature sai ta sayar mashi da abin da ba shi da shi. Shi garinsu sanyi, gyaɗa ba ta yi. Mu kuma maƙeranmu iyakarsu garma da lauje. Kowa ya kawo abin da ya fi iyawa, a yi musaya."

Na juya maganar a raina. Ashe keke gyaɗa ce da ta je yawon duniya ta dawo da ƙafa biyu. To in haka ne, ai keken Kankiya a cikin gayaunata yake kwance, tono shi kawai ya rage. Da ruwa ya sauka na shuke ta gyaɗa kaf, daga iyaka zuwa iyaka. Kakata, uwar Baba, wadda muke ce wa Iya, ta dogara sandarta ta zo duba aikin mijinta, don haka take kirana tun ina rarrafe.

Ta ce, "Maigida, ko kunya ɗaya ta gero ba ka yi mani ba? Da mi za ka ciyar da ni?"

Na ce, "Ke da ba ki da haƙori? Ƙuli zan riƙa jiƙa maki."

Ta ce, "Allah wadaran auren yaro. Kishiyar tawa ma ƙarfe ce."

Ban taɓa yi wa wani abu bauta kamar gonar nan ba. Ciyawa in ta yi niyyar fitowa sai ta tarar ina tsaye ina jiranta. Ni da a gandu kullum ƙaya ke soke ni daidai lokacin da rana ta yi zafi, a gayauna ko kunama ta harbe ni sai in ce ta yi haƙuri sai na kai ƙarshen kunya. Gyaɗa kuwa ta yi, ta yi har maƙwabta na tsayawa suna cewa tubarkalla.

A shekarar ne kuɗi suka yi ambaliya. Dama ba a daɗe da canja mana fam da sule zuwa naira da kwabo ba, tsofaffi na ta rigima da masu awo a kasuwa. Sai ga labari a rediyo cewa man fetur ɗin da ake haƙowa a kudu ya yi daraja a duniya, gwamnati ta ƙara wa ma'aikata albashi, har da na watannin baya a dunƙule. Kai, mun ga ikon Allah. Malaman makaranta suka riƙa dawowa daga Kankiya da rediyo a kafaɗa. Wani masinja ya ɗaura agogo a kowane hannu, wai in ɗaya ya yi ƙarya ɗayan ya tona shi. Mahauta suka daina amsa sallamar wanda ba shi da biro a aljihu. Ni kuwa murna ta cika ni, na ce in ƙasa ta yi arziki ai gyaɗa ma ta yi arziki.

Na zauna ɓara. Masu sayen gwamnati tsaba suke karɓa, ba su karɓar mai ɓawo, kuma ɓara da hannu aiki ne mai cinye babban yatsa. Dabarar da kowa ya sani ita ce a yayyafa mata ruwa ɓawon ya yi laushi. Ba laifi a ciki in gobe ko jibi za ta hau sikeli. Ni da yake sauri nake, ban yi yayyafi ba, wanka na yi mata. Na ɗure buhunana, na ari jakin Baba, na kama hanyar fuloti, wato filin da ake awon gyaɗa a Kankiya a kan farashin da hukuma ta yanka. Amma na ce bari in fara biyawa in shaida wa kekena cewa yau zai kwana a Kusada.

Yana nan rataye inda na bar shi, ko motsi bai yi ba, amma ya yi mini nisa. Da mai kantin ya faɗi sabon kuɗinsa sai da na dafa jaki.

Na ce, "Alhaji, zinari aka sa mashi a taya?"

Ya ce, "Albashi ne ya riga ka hawa, yaro. Masu so sun yi yawa, kekuna kuwa ba su haihu ba. Gobe ma ba haka za ka ji shi ba."

Na ce ba komai, in keke ya hau ai gyaɗa ma ta hau, tunda uwa ɗaya uba ɗaya suke. Na isa fuloti na tarar an yi mata ƙari, amma irin ƙarin da in ka ɗora shi a tafin hannu iska za ta ɗauke.

Na ce wa malamin awo, "Malam, ba ka ji ƙasa ta yi arziki ba?"

Ya ce, "Na ji. Farashin nan daga sama aka aiko shi, ni sikeli kawai nake dubawa. Za ka sauke ko za ka ba na bayanka wuri?"

Na ba na bayana wuri. Na juya jaki da kayansa muka nufo gida, kuma na rantse sai da jakin nan ya waiwayo ya dube ni. Na tarar da Baba a zaure yana tufkar igiya. Ya dubi buhuna, ya dube ni.

"Ka ɓare?"

"Na ɓare, Baba."

"Ka kuma dawo da ita?"

"Farashin bai yi mani ba."

Ya ce, "Gyaɗa da rigarta take kwana. Amma gayaunarka ce." Ya ci gaba da tufkarsa.

Na taɓa ganin yadda ake ajiye irin wake a tukunya a liƙe baki da laka, na ce abin da ya yi wa wake ai zai yi wa gyaɗa. Na kwashi tsofaffin tukwanen Iya na juye ta ciki. Ko sake shanya ta ban yi ba, don kada kaji da ƙannena su fitar mini da zakka tun ban yi niyya ba. Na rufe da faifai, na shafe da laka, na jera su a kusurwar ɗakin Iya, na yi mata kashedi kamar mai barin amana wurin ɓera.

Daga nan na zama ɗan tambaya, don abin ya tsaya mini a rai: yaya ƙasa za ta yi arziki manomi ya tsiyace? Akwai wata Bafillatana da ke kawo mana nono tun ina goye. A da kwabo take karɓa, sai ga shi ta ce ita yanzu gero take so, ƙwarya da ƙwarya. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Kuɗinku sun rame, ɗan Haɓe. Gero kuwa yana nan da ƙibarsa." Kawu ya zo hutu na tare shi tun bai cire takalmi ba. Ya ce a da motarsa kan gangara kudu tana nishi da gyaɗa ta dawo da sauƙi, yanzu wayam take tafiya, ta dawo tana nishi da siminti da shinkafar waje da fulawa da madarar gwangwani. Ya ce, "Ka ɗauka gida ne mai 'ya'ya da yawa, ɗaya ya tsinci tukunyar kuɗi. Maigida zai sake tambayar wanda ke kiwon kaji ko sun yi ƙwai? Fetur na kawo wa gwamnati kuɗin Bature fiye da yadda za ta iya kashewa, gyaɗarka ta mi?" Ya kuma ce nairarmu ta yi ƙarfi, shi ya sa kayan waje suka yi mana araha, namu kuma suka yi wa na waje tsada. Wannan ma da idona na gani. Muna ƙanana mutane kan bi hanyar daji da jakuna su kai gyaɗa wajen Maraɗi don sefa, kuɗin can, ta fi saye da daraja. Yanzu mutanen can ne ke koro mana shanu da wake suna neman naira. Samarin garinmu kuwa suka watse Kano da Kaduna ɗaukar kwanon siminti, don abin da ake ba lebura a wuni ya fi ƙarfin gona. Gangar gayya da kan tara matasa a nome gonar mutum cikin wuni ɗaya ta koma rataye, ɓeraye suka cinye fatarta.

Duk cikin wannan karatu abu ɗaya na tsinta na sa a aljihu: abin da ya yi ƙaranci shi ke tsada. Manoma na raguwa, gyaɗa za ta yi ƙaranci, ni kuwa ina da tukwane.

Kamar da bakina aka yi. Da damina ta zagayo wasu mitsi-mitsin ƙwari suka sauka a gonaki, ganyen gyaɗa ya murɗe ya yi rawaya, ta tsugune ta ƙi girma. Tsofaffi suka ce kuturta ce. Ba ta bar gandu ba, ba ta bar gayauna ba, tawa ma da na sake shukawa ta tafi. Ka ciri gindi ka girgiza, sai ƙasa kawai ta zubo. Irin Baba duk yana cikin ƙasar nan. A kasuwar Kusada gyaɗa ta zama abin kallo, mata masu ƙuli na kokawa a kan mudu, suna biyan abin da malamin awo bai taɓa mafarkinsa ba. Fuloti ya zama wurin kiwon tumaki.

Kawu ya ce, "Ɗan banza, Allah ya rufa maka asiri. Fasa tukwanen nan ka sayar yanzu."

Na ce, "Kawu, kai direba ne, bar wa 'yan kasuwa kasuwa. Sai lokacin shuka, sa'ad da kowa ke neman iri."

Tafiyata ma ta canja. Na fara gaida mai kantin Kankiya da hannu ɗaya. A raina keke biyu nake ciniki, ɗaya na hawa, ɗaya na jingina a ƙofar gida don mutane su gani. Iya ta ce mini, "Maigida, tukwanenka fa suna hira da rana tsaka. Ni dai ina jin ƙus-ƙus." Na ce, "Kishi ne ke sa ki jin magana. So kike in buɗe ki samu na miya." Ta ce, "To, bakina da goro."

Bazara ta yi, zafi ya kai inda yake kaiwa, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Wata safiya Baba ya aika a kira ni zaure. Ya daɗe yana murza igiyar da ke hannunsa kafin ya yi magana, kuma bai dube ni ba. Ya ce babu ƙwayar iri a gidan nan, na kasuwa ya fi ƙarfinsa, in kuma ba a shuka gyaɗa a gandu ba bai san inda haraji da suturar yara za su fito ba. Ya ce, "Ba umarni nake ba ka ba. Gayaunarka ce. In za ka sayar, ka sayar mani kamar yadda za ka sayar wa wani."

Ban taɓa jin Baba ya nemi abu wurin ɗansa ba. Duk iskar da ke kaina ta fice ta kunne. Na ji kunya ta kama ni, na ji daɗi kuma, irin daɗin da ban san sunansa ba. Na ce, "Baba, a ɗebi abin da zai ishi gandu, ba ciniki." A zuci kuma na ce sauran ma ya isa keke ɗaya, na jinginawar ya jira baɗi.

Kafin a fito da tukwanen labari ya zaga unguwa. Maƙwabta suka cika tsakar gida da ƙore da 'yan buhuna, har da dattawan da ban taɓa ganin sun yi mini murmushi ba. Na sa ƙannena suka ajiye tukwanen a tsakiya, na naɗe hannun riga, na ɗauki dutse na bugi lakar ta farko.

Wari ne ya fara fitowa, irin na tsohuwar rijiyar da aka manta da ita. Sannan masu gidan suka biyo baya. Ƙwari ne ƙosassu, wasu don ƙiba ba su iya tashi, sun fito da 'ya'ya da jikoki suna mamakin wanda ya yaye musu rufi. Saman tukunyar ya zama dunƙulen fumfuna kore shar, ƙasan kuma gari. Na fasa ta biyu, na fasa ta uku, kowace ta fi 'yar'uwarta. Sai Iya ta leƙa ta ce, "Maigida, ashe kiwo ka yi. Allah ya ba da lada, ka ciyar da bayinsa shekara da rabi."

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki, mutane suka kwashi ƙorensu suna fita suna sharar hawaye. Baba bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya jawo tabarma ya zauna, ya karɓi faifai ya shiga tsintar 'yan ƙwayoyin da suka rage da siffarsu, ɗaya bayan ɗaya. Na durƙusa na taya shi. Cikin abin da muka tsinta ya ɗibi kaɗan ya binne a fasasshiyar ƙwarya da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya ajiye ta gindin randa don a ga ko akwai rai. Kullum da safe kafin in wanke ido sai na je na tsuguna a gabanta, in tarar da sawun Baba ya riga ni.

Har yau in na zauna nakan juya abin, don bai gama ba ni mamaki ba. Rijiyar fetur da aka haƙa a can kudu, ƙasa mai ruwa da ban taɓa takawa ba, ta taɓa kuɗin keke a Kankiya, ta taɓa ƙwaryar nonon Bafillatana, ta kwashe samarin gari, ta juya hanyar jakunan Maraɗi. Yanzu jikokina na cewa dala ta tashi, shi ya sa man miya ya tashi, in ce su yi mini bayani dalla-dalla, su ma sai su tsaya a rabi kamar kakansu.

Ƙwaryar nan ba ta tsiro ba. Da ruwa ya sauka Baba ya shuka gero da wake a gonar gyaɗar, ya sayar da tunkiya ya biya haraji, sallar shekarar kuwa da tsofaffin riguna muka yi ta. Ragowar tsintar Iya ta soya ta ɗanɗana ta tofar, aka kai juji. Keken wani malamin asibiti ne ya saye shi. Bayan girbi na bi motar Kawu zuwa Kaduna ɗaukar kwanon siminti, kuma gidanmu bai sake kai gyaɗa fuloti ba, don kafin mu sake tara iri an rufe shi.